Afiniki Mai Tuwon Tasha

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan a zamanin da jirgi ke tafiya, da wuya a ce bai ci tuwon Afiniki ba. Rumfarta tana can ƙarshen dandamali, kusa da famfon da fasinjoji ke wanke fuska. Tuwon acca take yi da miyar karkashi, da teba da miyar agushi saboda mutanen kudu, da safe kuma pate mai gauta. Ni a zumuntar mata ta cocinmu na san ta, lokacin ta riga ta manyanta. Abin da zan faɗa a nan, wani daga bakinta na ji shi muna tsaga citta a tsakar gidanta, wani kuma da idona na gani.

A kwatas ɗin reluwe aka haife ta, a farkon shekarun 1950. Ubanta Azariya mutumin Kagoro ne, ya bar gona a gindin dutse ya zo aikin lebura a loko, inda ake wanke kawunan jirage ana zuba musu kwal. Yakan gaya wa 'ya'yansa cewa sa'ad da yake yaro wurin nan gonaki ne da ƙauyukan Fantswam, masu ƙasar. Sai Turawa suka jawo dogo daga kudu, suka raba shi biyu a nan, ɗaya ya miƙe Kaduna, ɗaya ya hau ta Kagoro zuwa Jos. Inda dogo ya rabu, nan mutane suka taru. Hausawa suka zo da kasuwanci, Ibo da Yarbawa suka zo da aikin ofis da tuƙi, mutanen ƙauyukan kewaye suka zo da ƙarfinsu. A kwatas kowa da harshen gidansu, amma in an fito bakin famfo Hausa ake yi, irin Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

Ƙofar ɗakinsu tana kallon ta wani direban jirgi, Ibo, mai mata Beatrice. Ita ce ta fara sayar da abinci a wannan kusurwa ta dandamali. Tun Afiniki tana firamare Beatrice ta ja ta a jiki, tana wanke mata kwanoni, tana riƙe mata jariri, har ta koyi yadda ake tuƙa tuwon mutum hamsin ba gudaji, da yadda ake miƙa kwano ta tagar tarago a karɓo shi kafin jirgi ya motsa.

A 1966, da aka shiga kashe-kashen Ibo a Arewa, mijin Beatrice yana kan aiki can wajen Kano. Bai dawo ba, ba kuma wanda ya kawo labarinsa. Azariya ya ɓoye matar da 'ya'yanta a ɗakin girkinsu, bayan itace, har ranar da aka ce akwai jirgin da zai kwashi mutane zuwa Gabas. Afiniki ce ta ɗauko mata ƙunshin kaya a ka. Ta ce ba ta taɓa ganin tasha haka ba. Mutane a cikin tarago, a kan rufi, a tsakanin taragu, wasu da raunuka ɗaure da tsumma, ba mai kuka da ƙarfi, sai gunji kawai. Da aka tura Beatrice ciki ta taga, sai ta leƙo ta ce, "Afiniki, tukunya na yana rumfa. Ka ɗauka ka yi aiki. Idan na dawo zan karɓa."

Ba ta dawo ba. Afiniki tana 'yar shekara goma sha huɗu ta bar makaranta ta hura wutar rumfar, uwarta tana taya ta. Shekarun yaƙi sojoji ne masu cin abincinta, masu tafiya kudu suna ta surutu da waƙa, masu dawowa ba sa magana.

Bayan yaƙi ta auri Yafet, mutumin Zonkwa, ɗaya daga cikin leburorin da ke gyaran dogo. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa. Ta ce shekara guda yana zuwa yana cin tuwo bai taɓa ce mata komai ba sai "ƙara miya", har ran da ta ga kawunsa da dattijon ikilisiya zaune a ƙofar ubanta. Aikin Yafet shi ne bin layi da ƙafa, da doguwar guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana duba notin da ya kwance da wurin da ruwa ya zare ƙasa. Daga baya ya zama helma, wato shugaban leburori, yana da mutanensa da 'yar kurar da suke turawa a kan dogo. Ba ya shan burukutu, ba ya zuwa hira. Daga layi sai coci, inda yake rera waƙa da muryar ƙasa a bayan mawaƙa.

Shekarun nan su ne masu daɗi. Jirgin Fatakwal ya shigo, na Jos yana jira, na Kaduna yana busa daga nesa. Taragun shanu da gyaɗa suna gangarawa, na manja da katako suna hawowa. 'Yan makaranta da akwatunan ƙarfe, matan Tibi da lemo da doya, 'yan kasuwa da huhun goro. Afiniki kan sauke tukunya ta ɗora wata tun hantsi har yamma. Da tuwon nan ta sa 'yarta Hulda a makarantar horon malamai. Da shi suka sayi fili a bayan tasha suka gina ɗakuna uku. Ta haifi huɗu, biyu suka rasu suna ƙanana, aka bar ta da Hulda da auta, Gershon.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko jirgi ya fara makara, wanda ake jira da safe sai ya iso da la'asar. Daga nan ya koma makarar kwana. Fasinjoji kan kwana a dandamali, abin da ya ƙara mata ciniki na ɗan lokaci, har suka gaji suka koma tashar mota. Aka fara rage ma'aikata. Maƙwabtansu na kwatas suka riƙa ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Yafet ya yi ritaya, ba a ɗauki wani a gurbinsa ba. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki suka samu wurin kiwo, taragun da aka jere a bayan loko suka yi tsatsa har bishiyoyi suka tsiro ta cikinsu. Afiniki ta koma tukunya ɗaya, tana sayar wa 'yan ma'aikatan da suka rage da masu yanke hanya ta tasha zuwa kasuwa.

Yafet kuwa bai daina bin layi ba. Ba wanda ya sa shi. Da safe sai ya ɗauki sandarsa ya bi dogo, yau ta wajen Kagoro, gobe ta kudu, ya dawo da rana ya zauna a bencinta ya ce, "Maman Gershon, ƙasa ta zare a wuri kaza." Sai ta ce, "To, ka gaya musu." Yakan je ofis ya faɗa, a yi masa godiya, a kira shi Baba, ya fito.

Gershon ya tashi da son ƙarfe. Bai yi nisa a karatu ba, amma ya koyi walda, hannunsa kuma yana da kyau. Ya buɗe shago a gefen kasuwa yana yin ƙofofi da tagogi da gadaje, ya auri wata yarinyar Gwantu mai suna Rosemary, suka haifi biyu. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 kasuwa ta ƙone, shagonsa ya tafi da injin da komai. Ya yi acaba na wasu shekaru, aka tare shi a hanya aka ƙwace babur ɗin, da ƙyar ya tsira da ransa. Ya koma bin masu gini, yau akwai gobe babu. Ya dawo da iyalinsa gidan uban, ɗaki ɗaya. Ya fara zama a inda ake shan burukutu, ya fara dawowa da jan ido.

Akwai lokacin da aka gyara layin, jirgi ya sake shigowa Kafanchan. Ranar farko duk gari ya fito. Afiniki ta dafa tukwane uku kamar da, Yafet ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki ya tsaya a bakin dandamali yana ɗaga wa direba hannu, hawaye na zuba, bai ma share ba. Gershon ya je neman aiki, aka ce ya saurara. Ba a daɗe ba jirgin ya fara tsallake mako, sannan wata, sannan shiru.

Bayan wannan ne aka fara satar dogo. Da farko notuna da kusoshi ake kwancewa. Daga baya masu sayen tsohon ƙarfe suka riƙa shigowa da tirela, suna ɗaukar samari su shiga daji inda ba gari kusa, a yanka dogon gunduwa-gunduwa da wutar gas, a loda a rufe da buhunan gawayi. Yafet ne ya fara ganin wani wuri da aka yanke. Ya dawo bai ci abinci ba. Ranar Lahadi, da aka ba da dama a yi roƙon addu'a, ya miƙe a gaban ikilisiya ya ce, "Ku yi wa garin nan addu'a. Wanda ya sayar da hanyar gidansu, ban san ta inda zai koma gida ba." Gershon yana can benci na baya, kansa a ƙasa.

Afiniki ta ce ita ta riga ta sani. Uwa ba ta buƙatar a gaya mata. Ta ga ya fara tafiyar kwana biyu yana cewa aikin gini ya samu a Jere. Ta ga ya dawo da buhun shinkafa, ya saya wa yara takalma. Ta kuma ga ƙananan ƙuna a hannun rigarsa, irin na tartsatsin wuta, ta san ba siminti ke yin haka ba. Wata rana ta tare shi a bayan ɗaki yana wanke ƙafa.

"Gershon, wane gini ne ake yi da wuta?"

Bai ɗago ba. "Mama, bar maganar."

"Ubanka zai mutu in ya ji."

"Baba yana gadin abin da masu shi suka yar," in ji shi. "Jirgi ba zai dawo ba, Mama. Ko ni ban yanka ba, wani zai yanka. Yaran nan ƙarfe za su ci?"

Ta ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce ya ji. Amma shinkafar nan ita ma ta dafa, ta ci, ta zuba wa mijinta. Ba ta gaya wa Yafet ba. Ta kai maganar ga Ubangiji, ta yi azumi, ta yi shiru.

Da damina ta kusa ƙarewa, Gershon ya tafi bai dawo ranar da ya ce ba. Rosemary ta kira wayarsa har ta gaji. Ana nan, wata mata mai tsince itace ta zo rumfar Afiniki da hantsi, ta tsuguna kusa da murhu kamar mai neman garwashi, ta ce a hankali, "Mama, ka je bayan loko, tarago na ƙarshe. Yaronka yana ciki."

Ta bar tukunya a kan wuta ta tafi. Ta ratsa ciyawa mai tsayin mutum, ta wuce kawunan jiragen da ubanta ya taɓa wankewa. Tun kafin ta kai wari ya tare ta. Gershon yana kwance a kan kwali a cikin taragon, jikinsa kamar wuta, leɓɓansa sun tsage. Suna loda gunduwar dogo ne a tirela igiya ta tsinke, ƙarfen ya sauko a kan ƙafarsa ta dama, ƙasa da gwiwa. Abokan aikinsa sun ji tsoron asibiti, kada a tambaye su. Suka kawo shi nan, suka kira wani mai ɗori ya ɗaure ƙafar da kara da tsumma, suka ajiye masa ruwa da burodi, suka ce za su dawo. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ƙudaje sun rufe tsumman.

"Mama," ya ce, "kada ki kira Baba."

Ta fita bakin titi ta tsayar da mai keke napep, ta roƙe shi da sunan Allah. Su biyu suka ɗauko shi, ita tsohuwa tana riƙe da kafaɗunsa, yana ihu duk inda suka taka. A asibiti likita ya kwance tsumman, ya duba, ya ce da an kawo shi ranar da abin ya faru da wataƙila. Yanzu kam sai an yanke, in ba haka ba ransa ne. Afiniki ce ta ce a yanke. Aka yanke a saman gwiwa.

Labari ba ya ɓuya a Kafanchan. Kafin yamma Yafet ya ji, ba daga bakin matarsa ba. Washegari mu 'yan zumunta muka je dubiya, muna tsaye gefen gado muna shirin addu'a sai ga shi ya shigo da sandarsa. Muka gaishe shi, ya amsa. Ya tsaya a ƙarshen gadon yana kallon wurin da zane ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Sannan ya ce, "A wane wuri ne?"

Gershon ya juya fuska bango.

"Ina tambayar ka. A wane wuri kuka yanka?"

"Ta wajen Jagindi," in ji Gershon, muryarsa da ƙyar take fita. "Bayan ƙaramar gada."

Yafet ya gyaɗa kai. "Shekarar da aka haife ka ruwa ya kwashe wurin nan," ya ce. "Mu muka sake shimfiɗa shi. Muna can a daji aka aiko mini uwarka ta sauka."

Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya juya ya fita. Afiniki ta bi shi har baranda, muna jin ta tana cewa, "Baban Gershon, ɗanka ne. Ko me ya yi, ɗanka ne." Sai muka ji ya ce, "Dama kin sani?" Ba ta musa ba. Ya ce, "To," ya sauka matakala.

'Yan sanda sun zo asibiti sun yi tambayoyi. Gershon ya faɗi sunan wanda ya ɗauke su aiki, aka neme shi aka rasa, tirelar ma ba a gan ta ba. Da suka ga halin da yake ciki, fasto kuma ya sa baki, ba su sake dawowa ba.

Aka sallamo shi ya dawo gida da sanduna biyu. Gidan ya zama wani iri. Yafet bai kore shi ba, bai kuma yi masa magana ba. In Gershon yana tsakar gida, uban yana ɗaki. In uban ya fito, ɗan ya ja jiki ya shiga. Yafet ya daina bin layi, ya daina shiga cikin mawaƙa, ya koma zama a bencin baya ya fita kafin a tashi. Da matarsa ma daga gaisuwa sai "na gode" in ta ajiye abinci. Ta ce da ya doke ta da ya fi mata sauƙi. Hulda ta zo daga inda take koyarwa ta durƙusa ta roƙe shi, dattawan ikilisiya suka zo suka yi masa maganar gafara. Ya saurare su duka, ya ce ya gafarta, ba ya riƙe kowa a zuciya, kawai dai ba shi da abin cewa ne.

Rosemary ta yi haƙuri iyakar ƙoƙarinta. Da Kirsimati ta ce za ta kai yara Gwantu su gaida iyayenta. Ta tafi da akwatinta babba. Afiniki ta ga akwatin, ta raka su har bakin titi, ta saya wa jikokinta rake.

Yafet bai kai wata damina ba. Wata safiya ya zauna a kujerarsa a ƙofar ɗaki, ya ce kansa yana juyawa, kafin a nemo keke ɓarin jikinsa ya mutu. Ya yi 'yan kwanaki bakinsa a karkace. Gershon ne ya zauna kusa da shi, yana ba shi kunu da cokali, yana goge masa haɓa, don Afiniki dole ta fita neman abin da za a ci. Ta ce ta dawo wata rana ta tarar hannun tsohon mai lafiya yana kan cinyar ɗan, a kan dungulmin. Ko dafa shi ya yi da gangan, ko hannun ne ya faɗi a nan, ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba. Aka kai shi Zonkwa aka binne. Tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka zo ba su cika benci ɗaya ba.

Bayan makoki Afiniki ta rushe rumfarta ta tasha da kanta, ta sa aka kwaso kwanon rufin. Yanzu tana da tebur a gefen tashar motar Kagoro, tsakanin mai faci da mai sayar da fetur a kwalba. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya tuƙa tuwo mai yawa, sai pate da ƙosai. Gershon yana zama a inuwar mangwaro a ƙofar gida, yana liƙe bokiti da gyaran murhun gawayi in an kawo. Wani lokaci yana sha, wani lokaci yana dainawa. Yaran suna zuwa hutu in uwarsu ta yarda.

Makon jiya na biya ta teburinta na tarar tana gardama da wani yaron mota a kan cewa ƙosanta sun ƙanƙance. Da ya tafi na tambaye ta jiki. Ta ce jiki da sauƙi, sai dai ana cewa za a faɗaɗa titi a tashe su daga wurin, ba ta san inda za ta koma ba. Ta juya ƙosai, ta tsame, ta ce in gaya wa shugabar zumunta ba za ta samu zuwa taron Laraba ba, ranar ce za ta kai Gershon asibiti, dungulmin ya sake yin ruwa.